Sunanka Bai Fito Ba: Yadda Za Ka Farfaɗo Ka Sake Neman Gurbin Karatun Saikoloji na Asibiti

Sau biyu ina hawa tudun bayan firamaren garinmu, inda sabis ya fi kamawa, in ja jerin sunaye da ɗan yatsa har ƙasa, ba nawa. Karon farko ana tsakiyar yankan gero ne. Na sa wayar a aljihu na koma gona na ci gaba da ɗaurin dami, sai bayan sallar isha'i Baba ya ce, "Yaya maganar makarantar taka?" Na ce masa ba su fitar ba tukuna. Ƙarya na yi, kuma na yi sati uku ina goyonta.

Sai a karo na uku aka ɗauke ni digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan'adam na asibiti, wanda 'yan makaranta ke ce wa kilinikal saikoloji. Da na waiwaya, na ga karo na biyun ni na kayar da kaina: takardun bara na kwaso, na canza kwanan wata, na sake turawa, ina jiran sakamako daban. Wannan asarar shekarar ce ba na so wani ya maimaita. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma 'yan'uwa mata, har da ku nake.

Mataki na farko: faɗi da bakinka, kuma kada ka yanke komai

A birni mutum zai iya faɗuwa ba wanda ya sani. A ƙauye kuwa mai shayi ya san ka tafi intabiyu, direban da ya kai ka tasha ya sani, an ma yi maka addu'a a masallaci. Saboda haka abin da ya fi ciwo sau da yawa shi ne tambayar mutane, ta fi rashin gurbin kansa zafi.

Maganinta ka riga kowa faɗa. Cikin kwana biyu ko uku ka samu mahaifi ko wanda ke matsayinsa, da mutum ɗaya wanda kake sakin jiki da shi, ka gaya musu a taƙaice: "Baba, bana Allah bai nufa ba. Zan bincika inda aka samu matsala, in sake nema." Ga sauran jama'a, jimla ɗaya ta isa, ka riƙe ta kada ka canza: "Sai baɗi in Allah ya kai mu." Wanda ya ce maka wani hanin ga Allah baiwa ne, ka amsa da amin. Wanda ya ce dama wa ya aike ka karatun mahaukata, ka yi murmushi ka wuce, ba ranar gardama ba ce.

Sannan ka ɗaure kanka da sharaɗi guda: wata ɗaya cur ba za ka yanke wata babbar shawara ba. Kada ka ce ka bar fannin, kada ka sayar da akuyar da ka ajiye don kuɗin makaranta, kada ka biya fom ɗin wani kwas daban don huce haushi. Ke kuma 'yar'uwa, a wannan watan ne gwaggo za ta zo da maganar "ai gara ki haƙura ki yi aure." Aure alheri ne, amma maganarsa daban, maganar karatu daban. Ki nemi a ɗaga zancen har zuciya ta kwanta, in kuma da wanda ake magana da shi, a sa batun ci gaba da karatun a fili tun yanzu, gaban manya.

Mataki na biyu: gwada karatunka a kanka

Ka yi shekara huɗu kana karanta yadda zuciya ke yi idan ta ji rauni, to ga ta a gabanka. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, ya bayyana yadda mai ciwon damuwa ke kallon abu uku da baƙin tabarau: kansa, duniya, da abin da ke gaba. Ka saurari kanka da dare za ka ji su ukun: ni ba ni da ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukar ɗan talaka, ba zan taɓa samu ba. Ɗauki takarda ka rubuta kowace, a gefenta ka rubuta hujjar da ke goyon bayanta da wadda ke ƙaryata ta. Na san abin da kamar wasan yara ga wanda ya rubuta jarrabawa a kai. Ka yi dai.

Abu na biyu, jiki ya riƙa motsi ko zuciya ba ta so. Ka fita jam'i sau biyar, ka je gona, ka zauna majalisa ko ta rabin awa ce. Tuƙa da warwara a ɗaki ita ke mayar da baƙin ciki na kwana goma ya koma na wata shida. Idan abokanka da suka samu suna ta ɗora hotuna a WhatsApp, ka taya su murna sau ɗaya, ka rufe sanarwar zauren na ɗan lokaci. Wannan ba hassada ba ce.

Amma ka san iyaka. Idan aka wuce sati biyu kusan kullum ba ka jin daɗin komai, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, ba ka iya aikin da ka saba, to ka je asibiti kamar yadda za ka tura wani. Idan tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, ranar za ka gaya wa wani, ranar za a tafi, ba jiran sati biyu. Mai neman zama masanin halayya da ya taɓa zama a kujerar marar lafiya bai rage daraja ba.

Mataki na uku: gano ramin da ka faɗa

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi tsallakewa, domin ya fi sauƙi a ce ƙaddara ce a yi shiru. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Jami'o'inmu ba su cika aiko da dalilin ƙin ɗaukar mutum ba, sunanka ne kawai ba za ka gani ba. Kai za ka bi sawu.

Fara da takardu, don sau da yawa a nan ake mutuwa tun ba a kai ga duba cancanta ba. Takardar cikakken sakamakon digirinka, wato tiranskirif, ta isa makarantar kuwa? Ta isa kafin a zauna tantancewa? Ni a karon farko tawa sai bayan an gama komai ta iso, ban ma sani ba sai da na je da ƙafata. Duba kuma ko sunanka iri ɗaya ne a WAEC ko NECO, da shaidar digiri, da ta bautar ƙasa, da NIN. Mu 'yan ƙauye muna yawan fama da wannan: nan Muhammad, can Mohammed, wani wuri an sa sunan gari a matsayin sunan mahaifi. Takardar rantsuwa ta kotu tana warware shi, amma sai ka san da matsalar. Haka kiredit biyar na sakandare, har da Turanci da lissafi, ana sake duba su ko a matakin digiri na biyu.

Sai asalin digirin. Wannan ya fi shafar mu a Kano da Jigawa, domin da yawanmu ta ɓangaren ilimi muka biyo: ilimin halayya na koyarwa, ko ba da shawara da jagoranci, wasu kuma ilimin zamantakewa. Yawancin sassan da ke koyar da saikoloji na asibiti digirin farko na saikoloji tsantsa suke nema, da sakamakon digiri mai mataki na biyu, ko na sama ko na ƙasa gwargwadon ƙa'idar kowace jami'a. In digirinka ba shi ba ne, ko matakinka bai kai ba, ko sau goma ka nema amsar ɗaya ce. Hanyarka ita ce babbar difloma ta bayan digiri, PGD, a saikoloji. Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi sashen da kake hari ko suna karɓar wannan diflomar don shiga ɓangaren asibiti, domin ba duka ke karɓa ba.

In takardu lafiya, digiri lafiya, saura jarrabawar shiga ko intabiyu. Zauna yanzu, tun ba ka manta ba, ka rubuta duk tambayar da aka yi maka da amsar da ka bayar. Ka ja layi a ƙarƙashin inda ka yi inda-inda.

Akwai kuma dalilin da ba naka ba: gurbi kaɗan ne. Kowane ɗalibi yana buƙatar malamin da zai duba bincikensa da wurin horo a asibiti, kuma malaman wannan fanni ba su da yawa. Ana barin mutanen da suka cancanta. Amma kada ka fake da wannan sai ka tabbatar sauran ba su shafe ka ba.

Yadda za ka tabbatar shi ne ka je sashen, ko da kuɗin mota zai ci rabin abin da ke hannunka. Ka bari a yi sati uku ko huɗu da fitar sunaye, hayaniya ta lafa. Ka fara da sakataren sashe, ka gaishe shi da kyau, shi ya san inda fayil ɗinka ya kwana. Sannan ka nemi minti biyar wurin malamin da ke kula da karatun gaba da digiri. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙorafi na zo yi ba. Na nema bana ban samu ba, ina so in sake nema. Me ya kamata in gyara?" Ka yi shiru ka rubuta. Kada ka kare kanka, kada ka ambaci wane da aka ɗauka alhali ka fi shi maki. Ni abin da aka gaya mini bai wuce jimla biyu ba: ban taɓa zama da marar lafiya ba, kuma ƙididdigata ba ta da ƙarfi. Ya yi zafi, amma shi ya zama taswirar shekarata.

Mataki na huɗu: shiga inda marasa lafiya suke

Wanda ya yi wata shida yana zuwa asibiti, daga amsar farko ake gane shi a intabiyu. A kusa da mu akwai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure a Jigawa. In kana da wurin sauka a nesa, akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban asibitin kana neman izinin zama ɗan kallo ko ɗan sa kai a ƙarƙashin masanin halayya na asibitin, ka haɗa da kwafin digiri da shaidar bautar ƙasa, ka kai da hannunka, ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Ba biya za a yi ka ba. In ba za ka iya tarewa ba, nemi rana ɗaya ko biyu a sati, ka daidaita da ranar kasuwa lokacin da mota ta fi samuwa. Rani ya fi dacewa da wannan, damina gona ba za ta bar ka ba.

In duk wannan ya gagara, kada ka raina asibitin shan magani na mazaɓarku. Zauna da jami'in lafiya ranar awo, ka ga yadda mai jego ke cewa "jikina ne duk ba daɗi, kaina kamar ana zuba ruwa," ba za ta taɓa cewa tana da ciwon damuwa ba. Ka lura da samarin da Tramadol ya kama. Binciken ƙasa na 2018 da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma a 2018 ɗin ne gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kai kana ganin fuskokin da ke bayan waɗannan alƙaluman a bakin kasuwa.

Ka sayi littafi mai kauri. Duk ranar da ka je, ka rubuta kwanan wata, awa nawa, me ka gani, me mai kula da kai ya yi, me ya ɗaure maka kai, shi kuma ya sa hannu. Ba suna, ba unguwa, ba wata alamar da za a gane mutum. A garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, riƙe sirri ya fi wuya kuma ya fi muhimmanci. Ko Inna ta tambaye ka me ya kai 'yar gidan wane asibiti, ba ka sani ba.

Wani abu kuma da nake so in ja kunne a kai. Da zarar an ga kana zuwa asibiti za a fara kiranka likita, a fara kawo maka mutane zaure. Ka gyara sunan tun ranar farko. Ba ka da hurumin cewa ga cutar wane, balle magani, wanda ko ƙwararren masanin halayya a Nijeriya ba ya rubutawa, aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Naka ka saurara, ka nuna hanyar asibiti, in da hali ka raka.

Mataki na biyar: karatu, musamman wanda kake gudu

Kowa na son karanta cututtuka, ba mai son ƙididdiga da dabarun bincike, kuma a nan ake zubar da mutane. Awa ɗaya bayan asuba, kafin rana ta yi zafi kuma kafin a fara aikenka, ta fi awa biyar na daren jarrabawa. Ka iya bayyana, da bakinka ba da hadda ba, yaushe ake gwada bambancin rukuni biyu, yaushe ake duba alaƙa, me ake nufi da ingancin ma'auni da tabbacinsa. In za ka samu aron kwamfuta, ka koyi shigar da bayanai a manhajar ƙididdiga ta SPSS.

Ka san manyan littattafan rarraba cututtuka biyu: DSM-5 na Amurka da ya fito a 2013 aka sabunta shi a 2022, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a Janairun 2022. Ka riƙe ma'aunai kaɗan da kyau maimakon sunaye ashirin: PHQ-9 na gwada ciwon damuwa mai tambaya 9 da maki daga 0 zuwa 27, ma'aunin damuwa na Beck mai tambaya 21, MMPI-2 na gwada halayyar mutum mai tambaya 567. Ka karanta Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ranar da ka shiga Dutse ko Kano ka sauke abin da za ka sauke a waya, ka buga muhimman a takarda, don caji da sabis ba abin dogaro ba ne.

Sannan ka tsara ƙaramin bincike na shafi biyu ko uku daga abin da idonka ya gani. A nan ɗan ƙauye ya fi ɗan birni jari: kana jin Hausar da marar lafiya ke kwatanta ciwonsa da ita, ka san wurin wa ake fara kai shi kafin asibiti, ka san abin da ake kashewa a mota. Tambaya ƙarama wadda za ka iya amsawa da kuɗin aljihunka ta fi babban take mai cika baki.

Mataki na shida: kada ka rataya a reshe ɗaya

Ka nemi wuri biyu ko uku. Jami'ar Jos ita ce sananniya mafi kusa da mu a wannan fanni, akwai kuma Ibadan, Legas, da Nsukka wadda a can aka fara buɗe sashen saikoloji a ƙasar nan a 1964. Kowace da lokacin fom ɗinta da sharuɗɗanta, kuma suna canzawa, don haka shafin makarantar da kanta za ka riƙa dubawa, ka kuma samu ɗalibi ɗaya a ciki da zai taɓo ka in an buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya: tiranskirif ka neme shi wata uku kafin a buɗe, ka bi shi har ka ji ya sauka.

Lissafa kuɗin fom, na tiranskirif, na mota zuwa da dawowa, na kwana, ka fara tarawa daga kaka. Buhun riɗi ko na zoɓo da aka ajiye da sunan wannan, ko adashi, ya fi rancen gaggawa. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi asusunsa zai sama maka gurbi, ɓarawo ne. Ta shafin makaranta kawai ake biya.

Masu hangen Ingila su sani cewa horon can digirin dakta ne na shekara uku wanda hukumar lafiyarsu ta NHS ke ɗaukar nauyi, kuma guraben da ake biya na waɗanda ke da izinin zama da aiki a ƙasar ne. Su kansu 'yan ƙasar da yawa sai sun nema fiye da sau ɗaya. Ga mai zaune a Jigawa, hanyar gida ta fi kusa: digiri na biyu, sannan horon aiki na shekara guda a asibiti.

Mataki na bakwai: masu shaida da ranar intabiyu

Malamin da rabonsa da kai shekara huɗu ba abin da zai rubuta sai "yaro ne mai ladabi." Ka ziyarce shi tun da wuri, ka kai masa tsarin bincikenka da bayanin abin da ka yi a shekarar. Ɗaya daga cikin masu shaidarka ya zama wanda ya kula da kai a asibiti.

Ka yi atisayen intabiyu da baki, da Turanci, a gaban mutum, ko malamin sakandaren garinku ne. Da yawanmu mun san amsa, harshe ne ke sarƙewa don mun daɗe ba mu yi magana da shi ba. Tambayoyin da ya kamata ka shirya musu: bambancin aikinka da na likitan ƙwaƙwalwa, yaushe ya halatta a karya sirri, da me za ka yi idan dangi suka ce aljanu ne. A ta ƙarshen kada ka nuna raini ga imanin mutane don ka burge masu tambaya. Ka tuna Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Nijeriya, wanda a 1954 ya fara tsarin kwantar da marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abekuta tare da danginsu, har yana aiki da masu maganin gargajiya. Ka nuna za ka iya zama da malamin ruƙiyya ku fahimci juna, kuma ka san inda za ka ja layi: ɗauri da mari, duka, da hana shan magani.

Za a iya tambayarka, "Ka nema bara, me ya canza?" Ni aka yi mini ita. Na buɗe jaka na ɗora littafin nan mai kauri a kan tebur, wata bakwai na sa hannu a ciki. Wata malama ta ja shi gabanta tana buɗawa, ta tsaya a wani shafi ta ce in ba ta labarin matar da na rubuta ta daina magana bayan haihuwa, da abin da na ga an yi mata. Sauran mintunan intabiyun duk a kan wannan shafin suka ƙare.